Hayar gida a Kelle: yarjejeniyar baka, wa take cuta?

Duk shekara, da zarar damina ta ja baya, watan Oktoba ya kama, aka buɗe makarantu, sai motocin da ke tasowa daga Gure su riƙa sauke baƙi a garin Kelle: malamin makaranta da katifarsa a naɗe, ungozomar da aka yi wa canjin wurin aiki, malamin gona ko na dabbobi, da ɗan kasuwar da ya biyo kaka don awon hatsi da wake. Kafin ɗayansu ya ɗauki alli ko ya kafa sikeli, tambayar da ke gabansa guda ce: ina za shi sa haƙarƙarinsa? Amsar kuwa a zaure ake samunta. Wane ya san wane, wane yana da ɗakin da ɗansa ya bari ya tafi ci-rani. A yi ciniki, a faɗi jika kaza a wata, a shafa fatiha, a miƙa ɗan makulli. Ba takarda, ba rasit, galibi ma ba shaidar da aka kira da sunan shaida.

Muddin ana ɗasawa, wannan tsari yana tafiya sumul. Ranar da aka ɓata kuwa, babu abin da ya rage a hannun kowa sai rantsuwa. A nan ne ake gane cewa Kelle, tsohuwar cibiyar ƙasar Kutus, da ke arewa da Gure a jihar Damagaram, tana fama da irin ciwon da ake tsammani na Yamai ne da Maraɗi kaɗai. Bambancin shi ne, a manyan birane akwai lauyoyi da jaridu da ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a. A Kelle, mai fiye da kilomita 1000 tsakaninta da fadar gwamnati, ɗan haya da mai gida daga su sai halinsu.

Inda rigima ke tsirowa

Wanda duk ya taɓa zaman haya a garuruwan karkara ya san ƙofofin da saɓani ke shigowa ba su da yawa, kuma ba su canzawa.

Ta farko ita ce gyara. Yawancin gidajen ginin laka ne, rufin azara. Irin wannan gini yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Wa zai biya magini? Mai gida ya ce wanda ke kwana a ciki shi ya kamata ya yi, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan haya ya ce ba zai zuba kuɗinsa a bangon da ba nasa ba. Suna cikin ja-in-ja ruwa ya sauka. Daminar 2024 ta nuna abin da sakaci da ginin laka ke jawowa: ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, kuma a farkon watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube. In ginin da gari guda ke kula da shi ya faɗi, ina ga soron da mutum biyu ke tura wa juna alhakinsa?

Ta biyu ita ce bashin haya. Wata uku aka biya ko wata biyu? An ba uwargida ne ko an aiki yaro? Babu littafin da za a buɗe.

Ta uku ita ce tashi ba shiri. Ɗan mai gida ya dawo daga Libiya ko Najeriya da niyyar aure, sai a ce wa malami ya nemi wuri kafin Juma'a, a tsakiyar shekarar karatu. Ko kuma ɗan hayar ne za a wayi gari ya ɗaure kayansa da asuba, an yi masa canjin aiki, ya bar bashi da ƙyauren da ya ɓalle.

Ta huɗu ita ce ƙarin kuɗi. Da an ga wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ya shigo gari da mota, sai a tuna cewa ɗakin ya yi araha.

Kowace daga cikin waɗannan ana iya toshe ta da layi biyu na rubutu. Tun ran gini, tun ran zane.

Abin da doka ta tanada

Da yawa suna zaton babu dokar haya a Nijar. Akwai. A ranar 18 ga watan Afrilu 1996, hukumomin soja na lokacin suka sa hannu a kan doka mai lamba 96-016, wadda aka keɓe don tsara hulɗar masu gidaje da ƴan haya. Ƙalilan ne daga cikin waɗanda ta shafa suka taɓa jin sunanta, balle su ga kwafinta da harshen da suke ji. Ƙarƙashinta kuma akwai tushe mafi daɗewa, wato kundin dokokin zaman jama'a da ƙasar ta gada daga Faransa, wanda asalinsa na 1804 ne. Duk da tsufansa, ƙa'idojinsa a kan haya sun cancanci kowane ma'aikaci ya san su.

Kashi na 1719 ya ɗora wa mai gida nauyi uku: ya miƙa gidan, ya riƙa kula da shi yadda zai yi amfanin da aka hayar da shi dominsa, ya kuma bar ɗan haya ya zauna lafiya har wa'adi ya cika. Saboda haka cire ƙyaure, ko yaye rufi, ko watsa kayan mutum a waje don a tilasta masa fita, ba ya cikin ikon mai gida, ko da ana binsa bashi. Fitar da mutum da ƙarfi aikin shari'a ne. Kashi na 1728 kuma ya juyo kan ɗan haya da nauyi biyu: ya riƙe gidan kamar yadda magidanci nagari zai riƙe nasa, ya yi abin da aka yi yarjejeniya a kai da shi, sannan ya biya kuɗi a lokacin da aka ajiye. Wanda ya karɓi ɗakin kwana ya mai da shi rumbun man fetur ko garken tumaki ya karya alkawari, ko da bai taɓa jinkirin biya ba.

A game da gyara, kundin ya raba aiki. Ƙananan gyare-gyare irin na kuba da ƙyaure da taga suna kan ɗan haya. Abin da tsufan gini ko wata ƙaddara ta lalata kuwa, kashi na 1755 ya ɗauke shi daga wuyansa. Kashi na 1756 ya bar wa mai gida yasar rijiya da kwashe masai, sai in an yi sharaɗin saɓanin haka. In gyaran gaggawa ya wuce kwana 40, kashi na 1724 ya ce a rage kuɗin haya gwargwadon lokacin da ɓangaren da aka hana mutum amfani da shi.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Kashi na 1716 ya ce in aka yi gardama a kan yawan kuɗin hayar baka, kuma babu rasit ko ɗaya, maganar mai gida ake ɗauka in ya rantse, sai fa in ɗan haya ya nemi a kawo masani ya ƙiyasta, kuma shi zai biya masanin in ƙiyasin ya zarce abin da ya faɗa. Kashi na 1731 ya ƙara da cewa, in ba a rubuta halin da gida yake ciki ran shiga ba, ana ɗauka ɗan haya ya same shi lafiya lau, kuma haka zai mayar da shi, sai in ya kawo hujja. Kashi na 1743 yana hana wanda ya sayi gida korar ɗan haya, amma sai ɗan hayar da ke riƙe da takardar da kwanan watanta ya tabbata a hukumance. Mai karatu ya lura da kyau: a duk wuraren nan uku, rashin takarda ɗan haya yake kayarwa. Malamin da ke jin kunyar neman rasit, don kada a ce ya raina dattijo, da hannunsa yake miƙa wuƙar da za a yanka shi.

Ɗan kasuwa da shagonsa

Lamarin masu hayar shago da mangaza ya fi tsanani, domin ɗan kasuwa in an tashe shi ba ɗaki kaɗai ya rasa ba, har da masu sayen da suka saba da ƙofarsa. Sau nawa aka ga mutum ya karɓi kango, ya yi masa daɓe da kanta, ya shekara uku yana jawo ciniki, sai ran da wurin ya yi albarka mai shi ya ce ƙanensa zai zauna?

A nan dokar da ke aiki ta ƙasa da ƙasa ce. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ta ranar 17 ga watan Oktoba 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. Dokar ƙungiyar ta 1997 ta taƙaita kariyar hayar shago ga garuruwan da mutanensu suka haura 5000, abin da ya bar ƙauyuka da ƙananan kasuwanni a waje. Gyaran da aka yi a Lome ranar 15 ga watan Disamba 2010 ya cire wannan iyaka. Ma'ana, tun daga lokacin, mai shago a ƙauyen da ke gindin duwatsun Kutus yana da kariya iri ɗaya da mai kanti a kasuwar Dole ta Damagaram ko a Abijan.

Kariyar kuwa ba ƙarama ba ce. Dokar ta amince da haya ko rubutacciya ce ko ta baka, kuma wadda ba a rubuta ba ana ɗaukarta a matsayin marar wa'adi. Mai son kawo ƙarshen irin wannan haya sai ya ba da sanarwar wata 6 ta hanyar da za a iya tabbatarwa. Wanda ya shekara 2 yana sana'arsa a wuri bisa sharuɗɗan da aka yi, ya sami haƙƙin a sabunta masa. In mai wuri ya ƙi, sai ya biya diyyar tashi, in ban da inda ya nuna babban laifi daga ɗan hayar, ko kuma zai rushe ginin ya sake shi. Sayar da ginin ba ya kashe hayar, haka ma mutuwar ɗaya daga cikin biyun. Mai shagon ma ba a bar shi hannu rabbana ba: in ɗan haya ya daina biya, ana ba shi gargaɗin wata guda, in bai gyara ba alƙali ya warware hayar ya fitar da shi.

Sai dai da me ɗan kasuwa zai nuna ya shekara biyu, in ba shi da rasit ko guda? Haƙƙin da ba a iya tabbatar da shi, da shi da babu duk ɗaya ne a gaban alƙalin Gure.

Mai gida ma yana da tasa gaskiyar

Zalunci ne a zana mai gidan haya na Kelle kamar wani attajirin Yamai mai benaye. Sau da yawa tsoho ne da ƙarfin noma ya ƙare masa, ko gwauruwa mai riƙon marayu, wadda kuɗin ɗaki biyu su ne cefanenta. In ɗan haya ya yi wata uku bai biya ba, tukunyarta ce ke sauka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya kwana a ɗakin mutane, biya ya wajaba a kansa, kuma kakin soja ko katin ma'aikaci ba lasisin cin haƙƙin talaka ba ne.

Amma a tambaya: me ya sa masu gidaje suka koyi tsoron ma'aikacin gwamnati, har suke neman kuɗin watanni tun kafin ya shiga? Tarihin a fili yake. A shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991, baitulmali ya yi ta gazawa, ma'aikata suka tara bashin albashi na watanni da dama, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana yajin aiki a kai a kai. Karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994, lokacin da faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ɗaga kuɗin kwano da ƙusa da duk kayan ginin da ake shigowa da su. Mai gida yana son ƙari, ɗan haya ba albashi. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani ɓangare na wancan bashi da filaye, amma fili a bayan birni bai biya wa kowa hayar da ta wuce ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka shiga ɗaukar malaman sa-kai da na kwantaragi, waɗanda su aka fi turawa karkara, kuma jinkirin ɗan abin da ake ba su ya sha jefa makarantu cikin yajin aiki. Duk ranar da gwamnati ta yi jinkirin biyan malami, gwauruwar Kelle ce ke ranta wa ƙasa kuɗi ba tare da an nemi yardarta ba.

Shi kuma kuɗin gaba da na ajiya, a yi lissafi. Tun watan Janairu 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 42.000. A ɗauka, don misali, ɗaki jika 10 ne a wata, aka nemi wata uku na gaba da wata biyu na ajiya: jika 50 ke nan, sama da albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, tun bai sayi tabarma ba. Wanda ya kasa, sai ya kwana a aji, ko ya bar iyalinsa a Gure ya riƙa zirga-zirga, ko ya kama neman hanyar da za a mai da shi birni. A ƙarshe yaran Kutus ne ke zaune a gaban allo babu malami.

Ƙayyade farashi ba zai wadatar ba

Duk lokacin da kukan haya ya yi yawa, abin da ake fara nema shi ne gwamnati ta yanke farashi. Ƙasar Senegal ta gwada: dokar watan Janairu 2014 ta rage haya da kashi 29, da 14, da 4 cikin ɗari, gwargwadon tsadar gida. Masu gidaje suka sami hanyoyin zagayewa, har sai da gwamnati ta sake fito da wani umarnin ragi a 2023. Kwaddibuwa ta bi wata hanya a 2018, ta ce kada a karɓi fiye da wata biyu na gaba da wata biyu na ajiya. Jihar Legas, a dokarta ta 2011, ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya. Darasin da ke cikin waɗannan duka guda ne: doka kowace iri ce, ba ta kama komai in babu takardar da ke nuna nawa ake biya jiya, nawa aka koma yau.

Ga Kelle kuwa, ciwon ya haɗa da ƙarancin ɗakunan da suka dace. Manufar gidaje ta ƙasa da aka amince da ita a 1998, da kamfanin SONUCI, da Bankin Gidaje da aka buɗe a 2018, duk idonsu ya fi karkata ga birane da masu albashi mai kauri. Ragin kuɗin siminti da aka yi a watan Oktoba 2024 abin yabo ne, amma buhu sai ya hau mota daga Damagaram zuwa Gure, sannan ya bar kwalta. In aka matse farashi ba tare da an ƙara ɗakuna ba, mai gida zai kulle ɗakinsa ya zuba ƙaiƙayi.

Abin da za a iya yi tun bana

Za a ce neman takarda cin fuska ne a garin da amana ke da daraja. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a surar Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma malaman mazhabar Malikiyya sun sharɗanta a san kuɗin haya a san wa'adinta. Rubutu yana tsare amana ne, yana kuma tsare magada ranar da masu alkawarin suka kau. Za a kuma ce yawancin masu gidaje ba su karanta Faransanci. To, wa ya ce sai da shi? Ana iya rubutawa da Hausa ko Barbarci, da boko ko da ajami, kuma ba a rasa alaramma a kowace unguwa.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, alhakin ya koma hannunsu. Na farko, a buga takardar haya ta shafi guda, mai ɗauke da sunayen ɓangarorin biyu da na shaidu biyu, da kuɗin wata, da ranar biya, da abin da aka ajiye da sharaɗin mayar da shi, da tsawon sanarwar tashi, da wanda yaɓen damina ke kansa, da halin da rufi da ƙyaure da masai suke ciki ran shiga. Na biyu, a buɗe rajista a ofishin hukumar, a buga hatimi da kwanan wata a kan kuɗi kaɗan, kada a mai da abin wata sabuwar hanyar tatsar haraji, domin ran da masu gidaje suka hango haraji a bayanta, ranar ce takardar ta mutu. Na uku, kowane ɗan haya ya sayi ɗan littafi irin na ƴan makaranta, duk wata mai gida ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Na huɗu, sarakuna da masu unguwanni, waɗanda dokar 13 ga watan Janairu 2015 ta tabbatar musu da ikon sulhu tare da rubuta sakamakonsa, su riƙa tambayar takarda kafin su tambayi rantsuwa, su kuma tuna cewa baƙon ma'aikaci ba shi da dangi a fada.

Ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan lafiya su ma suna da aiki: su raba wa membobinsu wannan takarda tare da takardar canjin wurin aiki, su kuma ja kunnen duk wanda ya gudu da kuɗin mai gida, domin shi ke rufe wa na bayansa ƙofa. Gwamnati kuwa ta biya a kan kari, kuma duk makaranta ko gidan likita da za a gina a karkara, a haɗa da ɗakunan masu aiki a cikin tsarin tun farko.

An ce baƙo raɓa ne. Amma baƙon da ke koyar da yaran gari, ko yake karɓar haihuwa da tsakar dare, raɓar da ake so ta daɗe ce. Ƙasa mai bin doka da aka yi ta kira tun 1991 ba a zauren majalisa kaɗai ake auna ta ba. Ana auna ta a ƙofar soron haya, ran da mai gida da ɗan haya suka saɓa, aka ga ko akwai abin da za su buɗe su karanta.